Mai baki ko mai aiki: wa za mu damƙa wa makullin sito da injin ƙungiya?

Dan_Kadawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema kan wani lamari da ya raba kan ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan ɓangaren Garun Malam. Mun yi karo-karo mun sayi injin ban ruwa da injin casa, muna kuma da ɗan sito da muke ajiye taki da iri. Yanzu ana so a naɗa mutum ɗaya da zai riƙe makulli, ya tsara wa zai ɗauki inji yau wa zai ɗauka gobe, ya kuma riƙa karɓar kuɗin haya.

Mutum biyu aka tsayar. Na farko Allah ya hore masa baki. In ya miƙe a taro sai ka ji kamar har an girbe an kai gida. Shi ne mai cewa zai samo mana taki da rangwame, zai kawo mai sayen shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, har bakin gona. Tun bara waccan muke jin wannan, har yau ba mu ga buhu ɗaya ba. Ranar yashe kanal kuwa ba a ganinsa sai an kusa tashi, ya iso kan babur yana sannunku da aiki.

Na biyun ba ya magana a taro. In ka matsa masa sai ya ce duk abin da aka yanke ya yi. Amma shi ne farkon shiga ruwa da shebur ranar yasa, kuma daren da inji ya tsaya ana tsaka da ban ruwa, shi ya zauna da tocila a baki ya kwance shi ya wanke ya mayar, bai nemi ko sisi ba.

Dattawanmu sun fi karkata ga na farko, wai shi zai iya tsayawa gaban hukuma. Ni kuma zuciyata na kan na biyu. Me kuka gani?

Sarkin_Noman_Bunkure:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka riga ka ba kanka amsa. Makulli ake magana, ba lasifika ba. Wanda ya shiga ruwa ya yi yasa ba don a biya shi ba, shi ne zai ji zafin kayan ƙungiya.

Ummu_Hafsat_Kura:
Gaskiya ne Baba. Mu a ƙungiyarmu ta mata masu turara shinkafa haka muka sha. Wadda muka fara ba riƙon adashi, in tana magana har hawaye take yi, ba ta buɗe baki sai da sunan Allah. Kwasar farko da ta biyu suka tafi daidai. Da aka zo kan wata baiwar Allah da ke jiran kwasarta ta sayi tukunya babba, sai labari ya canza: yau kuɗin na wurin mijinta, gobe an ranta wa wata mai haihuwa. Sai da magana ta kai gaban mai unguwa. Wadda ke riƙe mana yanzu ko gaisuwa ba ta cika tsawaitawa ba, amma ranar kwasa kafin azahar yarinyarta ta kawo miki kuɗinki a ƙulle cikin leda, da ƴar takarda an rubuta wa ta zuba wa ta rage.

Malamin_Gona_Auyo:
Ni dai ina da ɗan bambancin ra'ayi, a yi mini haƙuri. Ina aiki da ƙungiyoyin manoma a nan kwarin Haɗeja, kuma abin da nake gani kullum shi ne ƙungiyar da ba ta da mai magana ita ake tsallakewa. Za a zo rajistar manoma, ko rabon iri, ko taron masu amfani da ruwa inda ake yanke ranar buɗe ruwa da ranar rufewa. Wanda ya ce "duk abin da aka yanke ya yi", to za a yanke a kansa kuwa, gonakinku na ƙarshen kanal su zauna ba ruwa lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki. Magana a inda ya dace ita ma aiki ce. Kada mu mai da shiru ya zama shaidar kirki, akwai mai shirun da tsoro ne kawai ke hana shi magana.

Dan_Kadawa:
@Malamin_Gona_Auyo wannan ita ce hujjar dattawanmu daidai. Abin da ke damuna shi ne, shi mai maganar ma ban ga abin da maganar ta kawo ba.

Malamin_Gona_Auyo:
To wannan ita ce tambayar da za ku yi masa a bainar jama'a. Wane ofis ka je, wa ka gani, ina takardar? In ya nuna ya je an hana shi, wannan daban. In bai taka ko'ina ba, to ba mai magana ba ne, mai romon baka ne.

Bakanike_Wudil:
Ku bar ni in faɗi ta ɓangaren sana'ata. Yaro ya zo koyon gyaran inji, ba na tambayarsa me ya iya, domin duk wanda ka tambaya zai ce ya iya. Sai in ba shi kabureta in ce ya kwance ya wanke, in koma gefe kamar ina wani abu. Abin da nake kallo shi ne inda yake ajiye notina. Wani zai shimfiɗa tsumma ya jera su bi da bi yadda ya cire su. Wani zai watsar a ƙasa cikin yashi, in an zo ɗaurawa ɗaya ya ɓata, sai ya ɗaure a haka ya yi shiru. Wannan na biyun ko ya fi kowa iya gaisuwa ba na barin shi da injin mutane. Dan_Kadawa, mutumin da ya gyara muku inji cikin dare, je ka duba ko ya bar noti ɗaya a kwance. In bai bari ba, ka samu mai riƙon sito.

Abu_Sadiq_Ringim:
Allah ya saka da alheri. Addini ma bai bar mu cikin duhu ba a nan. A Suratul Ƙasas, da ƴar dattijon nan na Madyana za ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, siffa biyu ta ambata: ƙarfi da amana. Duka biyun kuwa a aikace ta gan su. Sannan a Suratus Saffi Allah ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu faɗin abin da ba sa aikatawa. Akwai kuma abin da ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar (RA), cewa wani ya zo yana yaba wani mutum, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar kuɗi. Da ya ce a'a, sai ya nuna masa cewa ashe bai san shi ba. To ku tambayi waɗanda suka taɓa ba kowannensu bashi ko ajiya.

Yar_Gumel:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta hulɗar kuɗi ita ce magana. Dan_Kadawa bai gaya mana ko na biyun ya taɓa riƙe kuɗin wani ba. Iya shebur daban, riƙon kuɗi daban. Na san wani a garinmu da ba a kai shi ƙwazo a gona, amma in kuɗi ya shiga aljihunsa ba ya iya cewa a'a ga duk wanda ya zo da kuka. Ba ci yake yi ba, rabarwa yake yi, ƙarshenta dai kuɗin mutane ya salwanta.

Sarkin_Noman_Bunkure:
Wannan yarinya ta faɗi gaskiya. Na karɓi gyara a kan wannan.

Manomin_Rani_001:
Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne aikin ganin ido. Kuna ta cewa a duba aiki a bar magana, to ai shi ma aikin ana yin na ƙarya. Ka ɗauki ƴan jinga su yi maka dashe. Bakin kunya inda za ka tsaya ka duba, layi ya miƙe tsaf, tazara daidai. Shiga tsakiyar fadamar ka ga abin mamaki: an warwatsa dashen, wani wurin taku guda babu komai, don su gama da wuri su wuce gonar gaba. Ba za ka gane ba sai bayan sati biyu da shuka ta tashi, lokacin sun karɓi kuɗinsu sun yi gaba. Haka masu feshi. Yana ganinka zai riƙa tafiya a hankali, ka juya baya ya zubar da rabin maganin a gindin kunya ya ce ya gama. Don haka ni ba aikin da aka yi a gabana nake aunawa ba, wanda aka yi bayan idona nake bi in duba.

Dan_Kwadago_Hadejia:
@Manomin_Rani_001 Alhaji ka faɗi naka, bari mu ma mu faɗi namu, don mu ne ƴan jingar. Ban ce babu masu ha'inci a cikinmu ba, akwai. Amma ku masu gona fa? Da safe za a yi ciniki, a ce ku gama yau ku karɓi kuɗinku yau. Mu shiga ruwa tun hantsi bai yi ba, ƙafa duk ta jiƙe ta yi fari, baya kamar zai karye. La'asar ta yi mai gona ya kashe waya. Gobe ka je gida a ce ya tafi kasuwa, jibi a ce sai an sayar da tumatir a Kwanar Gafan. Wani sai ka yi sati kana zarya kan kuɗin da ka riga ka ci bashin garin tuwo a kansa. Mu ma muna da jerin masu gonar da ko sun ninka kuɗi ba ma zuwa, muna kuma da waɗanda ko ba a yi ciniki ba za mu shiga, don mun san kafin mu wanke ƙafa kuɗi na hannu. In za a auna mutum da aikinsa, a auna har da mai ba da aikin.

Abu_Sadiq_Ringim:
Wallahi ka yi gaskiya ɗan uwa. Hadisi ya zo cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Da yawanmu mun haddace shi, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Manomin_Rani_001:
Ban musa ba. Ni dai Allah ya sani ba na kwana da haƙƙin ɗan jinga. Amma abin da ka faɗa yana faruwa, na gani da idona.

Hajiya_Mai_Kuli:
Ni tambayata ɗaya ce. Me ya sa sai mai shiru ya yi aiki, mai baki ya karɓi yabo? Ƙanena malamin firamare ne a wani ƙauye. Shi ke zuwa da sassafe, shi ke share aji da yara, shi ke sayen alli da kuɗinsa in ya ƙare. Akwai abokin aikinsa da sai ranar da masu duba makarantu za su zo ake ganinsa, ya sha babbar riga, shi ne mai tarbar baƙi, shi ne mai jawabi. Da aka tashi ƙarin girma wa kuke tsammani aka ba? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Abin yana ƙona mini rai, don irin wannan ne ke sa masu yi don Allah su gaji su saki.

Malamin_Gona_Auyo:
Hajiya, laifin a nan na masu dubawa ne da ke sanar da ranar zuwansu. Da za su faɗo ba zato ranar Talata da ƙarfe takwas, su buɗe rajistar halarta, su ɗauki littafin yaro ɗaya su ga yaushe aka yi masa maki na ƙarshe, da an huta.

Tsohon_Soja_Tiga:
Ku yaran yanzu ba ku ga masu aiki ba. Ruwan da Dan_Kadawa ke rigima a kansa daga ina yake zuwa? Daga dam ɗin Tiga. Wa ya gina? Gwamna Audu Bako, Allah ya jiƙansa. Shi ya yi dam ɗin Bagauda, a zamaninsa aka fara aikin noman rani na Kadawa. Mutumin ya bar mulki tun 1975, amma har yau Kura da Bunkure da Garun Malam daga aikinsa suke ci. Wa ke tuna jawabinsa? Ruwan dai ake gani yana gudu.

Dan_Karaye:
Baba a ƙara da Challawa, ita ma aikinsa ce.

Tsohon_Soja_Tiga:
A'a ɗana, a nan ka ɗan kauce. Tiga aka gama a 1974, yana kan mulki. Dam ɗin Challawa na wajenku sai a 1992 aka kammala shi, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. A ba kowa haƙƙinsa.

Dan_Karaye:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.

Admin_Zauren_Manoma:
Jama'a a yi hattara kada mu gangara siyasa, kun san dokar zaure. A koma kan tambayar Dan_Kadawa.

Masunci_Guri:
Kafin a koma, ina so in ɗan tsaya wa na farkon nan da kowa ke sara. Ba na son mu yanke wa mutum hukunci daga bakin wanda ba ya goyon bayansa, Dan_Kadawa ka yi haƙuri. Ba kowane alƙawarin da bai cika ba ne ƙarya. A 2022 da ambaliya ta cinye mana gonaki a nan ƙasar Haɗeja, akwai mutumin da ya karɓi kuɗin mutane kan zai ba su shanshera da kaka. Ruwa ya shafe gonar gaba ɗaya, ko zangarniya bai cira ba. Wasu suka ce macuci ne. Abin da ya yi shi ne ya bi su gida gida tun kafin su neme shi, ya ce ga abin da ya faru, ku zo ku gani. Ya sayar da ɗan bijiminsa ya rage wa kowa wani abu, sauran ya cika bayan noman rani. Alƙawarinsa bai cika a kan lokaci ba, amma yau duk garin babu wanda ake ba bashi da kwanciyar hankali kamarsa. Ni abin da nake dubawa shi ne yadda mutum ke yi ranar da abu ya ƙi. Yana zuwa da kansa ya yi bayani, ko sai an yi ta nemansa? Shi naku mai maganar, da takin bai samu ba, ya dawo ya ce muku ga inda aka tsaya, ko shiru ya yi ya ɗauko sabon alƙawari?

Dan_Kadawa:
@Masunci_Guri babu komai, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Amsar ita ce bai taɓa dawowa da bayani ba. In ka tuna masa sai ya ce ana nan ana ƙoƙari, ya shiga wata maganar. Sai dai in faɗi alherinsa guda: lokacin da rikici ya tashi tsakaninmu da makiyaya kan shanu da suka shiga gonar wani, shi ya je ya zauna da arɗo da dagaci, aka biya diyya aka rabu lafiya ba a zub da jini ba. Wannan kam ba wanda zai iya a cikinmu sai shi.

Yar_Gumel:
To ka gani. Ashe yana da aikin da ya yi, ba ka faɗa mana da farko ba.

Masunci_Guri:
Wannan ba ƙaramin aiki ba ne kuwa. Wanda ya taɓa ganin yadda irin wannan rikici ke ƙarewa ya san darajar mai kashe shi.

Dillali_Maigatari:
Mu da baki muke ci, ba na jin kunyar faɗa. Ranar Alhamis in kasuwa ta cika, mai saye daga kudu bai san mai sa ba, mai sa ya taso daga Nijar bai san mai saye ba, ni ne a tsakiya. Amma ku sani, dillalin da ya daɗe a kara ba daɗin bakinsa ne ya zaunar da shi ba. In na ce wa mutum wannan saniya lafiyarta ƙalau, ya kai ta gida ta kwanta, ya dawo mako mai zuwa, dole in tsaya a warware cinikin ko da la'adata za ta tafi. Masu zaƙin bakin da ba sa yin haka kasuwa uku suke yi a daina ganinsu. Don haka ni ban yarda a raba mutane gida biyu, masu magana da masu aiki ba. Akwai wanda in ya faɗa ka ɗauka ka ajiye, akwai wanda ko ya rantse sai ka je ka duba.

Ummu_Hafsat_Kura:
Ni shawarata ku raba aikin. Mai shiru ya riƙe makulli da inji, mai magana ya zama wakilinku wajen hukuma da sulhu. Kuɗi kuma a sa mutum na uku, a buɗe asusu da sa hannun mutum biyu, duk wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. Mu tun da muka koma haka ba mu sake zuwa gaban mai unguwa ba.

Sarkin_Noman_Bunkure:
Shawara ce mai kyau, amma ina jiye muku abu ɗaya. Na ga ƙungiyoyi da yawa sun yi haka. Wanda ke zuwa ofis shi jami'ai ke sani, lambarsa ce a hannunsu, in abu ya fito shi ake kira. Shekara ɗaya biyu sai ka ga shi ne ƙungiyar, mai makulli ya koma yaronsa. In za ku yi, kada ya riƙa tafiya shi kaɗai, a haɗa shi da wani duk inda za shi.

Bakanike_Wudil:
Kuma ku tambayi shi mai shirun ko yana so. Wani in ka ɗora masa shugabanci ka kashe shi. Ranar da yayan babansa zai zo ya ce a ba shi inji ba layinsa ba, zai iya cewa Baba sai gobe? In ba zai iya ba, tsarin layin ya rushe tun ranar farko.

Dan_Kadawa:
Wannan tambayar ta tsaya mini a rai, don kuwa mutum ne mai kunya ƙwarai. Zan same shi a gona gobe in ji ta bakinsa kafin taron Juma'a. Zan kuma kai shawarar Ummu_Hafsat gaban dattawa, duk da na san wasu za su ce raba muƙami raina mai maganar ne, kuma yana da dangi da yawa a ƙungiyar.

Manomin_Rani_001:
Ku gwada su na kaka ɗaya mana. A rubuta abin da kowa ya ɗauka zai yi, bayan girbi a zauna a duba.

Hajiya_Mai_Kuli:
Gwaji da kuɗin mutane? In aka yi asara a kakar gwajin wa zai biya? Ni dai ban ga dalilin ba wanda bai taɓa shiga yasa ba wani muƙami, ko na wakilci ne. Ya fara shiga ruwa da shebur tukuna kamar kowa.

Malamin_Gona_Auyo:
Hajiya, in ranar yasa ta zo daidai da ranar taron rabon ruwa fa, wanne za ki ce ya je?

Hajiya_Mai_Kuli:
Ya je taron, amma ya turo ɗansa da shebur, ko ya biya wanda zai yi masa. Haka kowa ke yi in yana da uzuri. Dan_Kadawa, ya taɓa turo wani a madadinsa?